Digiri na biyu: A duba aikin kafin a sayi fom

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sayar da fom ɗin digiri na biyu, matasa da dama da suka kammala hidimar ƙasa kan rasa wanda za su ɗauka tsakanin kwas ɗin kiwon lafiyar al'umma, wato MPH, da na aikin walwalar jama'a. Akasarinsu da tambaya ɗaya suke yanke shawara: wanne ne ƙungiyoyin agaji suka fi ɗaukar ma'aikata da shi? A ganinmu, wannan tambayar ba ta isa a ɗora rayuwa a kanta ba.

Abin da ya faru a 2025 ya isa izina. Gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, daga bisani ta rufe hukumar USAID. Ayyukan lafiya da na agaji da yawa suka tsaya a Najeriya, ma'aikata suka koma gida. Wanda ya yi karatu don albashin ƙungiya kawai, sai ya wayi gari da takardar da ba ya sha'awar aikinta.

Gara a fahimci bambancin fannonin biyu. Mu ɗauki matsalar yoyon fitsari, wadda ake yi wa mata aikinta a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Masanin lafiyar al'umma zai tambaya: daga waɗanne ƙauyuka matan suke zuwa, mata nawa ke haihuwa ba tare da ƙwararriyar ungozoma ba, me ke jawo doguwar naƙuda, kuma a ina ya kamata a sa kuɗi? Jami'ar walwala kuwa za ta zauna da mace ɗaya da mijinta ya saka, ta nemo danginta, ta sasanta, ta sama mata sana'a bayan an sallame ta. Na farko da alƙaluma da tsare-tsare yake aiki, ta biyun da mutum da iyalinsa.

Saboda haka mai son MPH ya shirya wa lissafi, da bibiyar yaɗuwar cututtuka, da zama gaban kwamfuta yana tantance bayanai. Guraben aikinsa suna ma'aikatun lafiya, da hukumar NCDC, da hukumomin lafiya a matakin farko. Ya kuma sani cewa wannan digiri ba ya mayar da mutum likita, ba ya ba shi lasisin duba marasa lafiya.

Mai son aikin walwala shi kuma yana buƙatar haƙuri, da riƙe sirri, da juriyar sauraron damuwar mutane kullum, a asibiti, ko gidan marayu, ko gidan gyaran hali, ko sansanin 'yan gudun hijira. An daɗe ana raina fannin a ƙasar nan, sai a 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu wannan sana'a.

Tarihi ya nuna ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗaya ba. A 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargin da ake yi wa allurar, ba a ci gaba ba sai a 2004. Magani yana nan, yardar jama'a ce ta yi ƙaranci. Sai da aka bi gida-gida, aka jawo sarakuna da malamai, kafin a kai ga 2020, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Shawararmu ga ɗalibi ita ce kafin ya biya kuɗin fom, ya nemi izinin yin mako guda a sashen walwala na wani babban asibiti, da wani makon a ofishin sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa. Inda ya ji zai iya komawa gobe ko da albashin bai taka kara ya karya ba, can ne wurinsa.

Muna kuma kira ga jami'o'i su riƙa bayyana inda ɗalibansu ke samun aiki, gwamnatocin jihohi su ɗauki ƙwararrun jami'an walwala a asibitocinsu. Muddin ba a buɗe musu guraben ba, matasa za su ci gaba da tururuwa fanni ɗaya, ɗayan kuma ya rasa masu yin sa.