Haɗarin aiki: hoton salula na iya cinye diyyar ma'aikaci

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. A wannan zamani yatsa ya karɓi aikin baki, musamman ga ma'aikacin da ya ji rauni wurin aiki, yana jiran diyya, salula kuwa ba ta barin hannunsa.

A shekara ta 2009, a Kebek ta ƙasar Kanada, wata ma'aikaciyar IBM tana hutun jinya saboda ciwon damuwa, sai kamfanin inshora na Manulife ya tsaida kuɗin da yake biyan ta kowane wata. Ta ce dalilin da aka ba ta shi ne hotunanta na Facebook, inda aka gan ta cikin fara'a a bakin teku. Ta ce likitanta ne ya shawarce ta da ta riƙa fita. Kamfanin ya ce ba ya yanke hukunci bisa hoto kaɗai, amma kuɗi dai sun tsaya, sai da ta nemi lauya. A 2010 kuma, wani alƙali a jihar Niyok ta Amurka ya ba da izinin a duba shafin Facebook na wata mata da ta faɗo daga kujera wurin aiki ta nemi diyya, har da abin da ta ɓoye da wanda ta goge.

Wannan darasi ya shafi ma'aikacin Nijar. Idan haɗari ya auku, doka ta ɗora ma mai aiki nauyin sanar da hukuma cikin awa 48. Asusun CNSS shi ke ɗaukar kuɗin magani, ya biya kuɗin kwanakin jinya, in kuma rauni ya bar naƙasa ya yanka ma mutum wani kaso gwargwadon yadda likita ya auna ta. Dukan wannan ya dogara ne kan takardar likita da gaskiyar maganar majinyaci. Duk abin da ya jefa shakka a kansu ya taɓa tuwon iyali.

Ga misali lebura mai ciwon baya da aka ɗauka hoto yana taya ɗaga buhun hatsi ranar suna. Hoton ya nuna ƙiftawar ido guda, bai nuna daren da ya kwana yana juyi ba. Wani lokaci ma tsohon hoto ne ƙane ya sake sakawa babu kwanan wata. A rukunin WhatsApp na unguwa ko na abokan aiki ba a rasa ɗan'uwan mai gida, saƙon murya kuwa in ya fita ba ya dawowa.

Akwai haɗari na biyu. Wanda diyya ta yi ma jinkiri yakan huce haushi ta hanyar zagin mai aiki a Facebook. Dokar 2019 kan laifukan intanet ta hukunta ɓata suna da zagi ta wannan hanya, kuma a watan Yuni na 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kansu. Mai neman hakkinsa sai ya wayi gari shi ne ake tuhuma.

Abin da ya kamaci majinyaci shi ne ya rage rubutu har a gama batun, ya roƙi dangi su daina saka hotonsa, ya ƙi karɓar baƙon aboki a shafinsa. Kada ya goge abin da ya riga ya saka, don gogewa na kama da ɓoye gaskiya. Ya faɗa ma likita abin da yake iyawa da wanda ya gagare shi, ba ragi ba ƙari. Kuka kuma a kai shi ga wakilin ma'aikata, ko sandika, ko ofishin sufeton aiki, inda takarda ke da nauyi. Allah shi kare talaka daga haɗari.