Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Kimiyyar Sinadarai



Roƙo ɗaya gare ni: mu daina ajiye ƙarfinmu sai yaro ya kai aji shida. A makarantu da yawa gogaggen malami ake ba 'yan ajin ƙarshe saboda WAEC da NECO sun ƙarato, 'yan aji huɗu kuma a bar su da duk wanda ya samu. Alhali a aji huɗu ne ɗalibi ke fara cin karo da alamomin sinadarai, da daidaita lissafin haɗuwarsu, da mol. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda mol ya kuɓuce masa a wannan shekarar, hadda zai yi ta yi har ya fita, kuma haddar ba ta kai shi ko'ina in tambaya ta sauya salo.

Kada ku buɗe darasin mol da lambar Avogadro, wato 6.02 × 10²³. Lambar tana firgita yaro tun bai san amfaninta ba. Ku fara da buhun takin yuriya, wanda ɗan manomi ya sha ɗauka. An rubuta 46 a jikinsa. Me ake nufi? Ku bar su su lissafa da kansu: nauyin mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, 28 daga ciki naitirojin ne, wato kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kusan kilo 23 na abin da shuka ke bukata. Yaron da ya gano wannan da alƙalaminsa zai karɓi lambar Avogadro hankali kwance.

Na san kukan rashin kayan gwaji, kuma gaskiya ne. Amma zoɓo bai gagari kowa ba. A matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, a zuba masa ruwan kanwa ya juya kore-kore: ga asid da kishiyarsa a idon ɗalibi. In an zo aji biyar, darasin karɓa da sakin ilektaron yana nan a marinar Ƙofar Mata a Kano. Baban da ake rini da shi ba ya narkewa a ruwa sai ya ruɓa da toka a cikin rami. Ana tsamo zane da launin kore, iska ta buge shi ya zama shuɗi. Masu rini sun daɗe da sanin aikin, namu shi ne mu faɗi dalili.

Ku kuma gaya musu abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ɗalibanmu ne za su koma irin waɗannan ƙauyuka, su ne kuma ke kwana kusa da janareta mai fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗalibin da bai taɓa riƙe bututun auna asid ba sai saura mako biyu jarrabawa. Hannunsa na rawa, idonsa bai san inda launi ke juyawa ba. Ko bututu ɗaya ne a makarantar, a fito da shi tun zangon farko na aji huɗu, a raba yara rukuni-rukuni, mata da maza kowa ya taɓa. A ranar kuma a koya musu cewa asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ba ruwa cikin asid ba.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan sana'a.