Keji Ba Hular Kwano: Ƙorafi a Kan Masu Yi wa Mini Kwaskwarima

Akwai wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi tsakanin masu sha'awar tsofaffin motoci, musamman a Ingila, wadda nake so in yi wa tsiya a wannan fili, kuma tun daga farko ba zan ɓoye ra'ayina ba: wauta ce, wautar ma irin wadda takan ci rai. Mutum zai sayi tsohuwar Mini, 'yar ƙaramar motar nan ta Turawan Ingila, ya kai ta gareji a kafa mata kejin bututun ƙarfe a ciki irin na motocin tsere, a kwance 'yan ƙafafunta a ɗaura mata manya masu faɗi da ƙyalli. Sannan ya hau titi da ita zuwa kanti ko wurin aiki, kansa ba hular kwano, yana bugun ƙirji wai ya ƙara mata tsaro da kyau. Ni kuwa na ce tsaron ya rage shi, kyaun kuma sai mu yi gardama.

Kafin in kafa hujja, ya kamata mai karatu ya san abin da ake taɓawa. A shekarar 1956 rikicin mashigin Suwez ya jawo ƙarancin fetur a Ingila, har sai da aka koma sayar da shi da ƙa'ida. Kamfanin BMC ya umurci injiniyansa Alec Issigonis ya ƙera mota ƙarama mai tsimin mai, wadda za ta ɗauki mutum huɗu. A watan Agusta 1959 Mini ta fito, tsawonta ƙafa 10 kacal, kuɗinta bai kai fam 500 ba. Dabarar Issigonis ita ce ya kwantar da inji a gicciye, ya tura giya ƙarƙashinsa suna shan mai ɗaya, ƙafafun gaba su ja motar. Ta haka kusan kashi 80 cikin 100 na shimfiɗar motar ya zama na mutane da kayansu. A maimakon sifirin na ƙarfe, Alex Moulton ya yi mata curin roba. Ƙafafun kuwa aka yi su masu inci 10, ƙanƙantar da sai da kamfanin Dunlop ya yi musu taya ta musamman, aka kuma tura su can kusurwoyi huɗu don kada ramin taya ya ci wurin zama. Wato a motar nan babu abin da aka sa don ado. Kowane inci da dalilinsa, kuma kowane sashe yana jingine da ɗan'uwansa.

To, mu fara da kejin, don a nan ne rai yake. Ba na musun amfaninsa. A gasar tsere mota takan wuntsila tana cikin gudu, kejin ne ke hana rufi ya murƙushe na ciki. Amma masu kwaikwayo sun ga abu ɗaya sun manta da uku. Direban tsere yana zaune ne a kujera mai rungume jiki wadda aka kafe, an ɗaure shi da ɗamara mai igiya huɗu ko shida ta yadda ba ya motsi, kansa cikin hular kwano, bututun da ke kusa da kai kuma an naɗe shi da soso mai tauri na musamman. Abubuwan nan tare suke aiki, kamar duwatsun murhu. Ɗamarar tana riƙe mutum a miƙe, saboda haka dole a sami kejin da zai tokare rufi. Kejin kuwa ƙarfe ne tsagwaronsa, saboda haka dole a sami hular da za ta tsare kai daga gare shi.

Yanzu a cire hula, a bar bel ɗin mota na yau da kullum, a sa mutum cikin Mini, motar da ko ba keji kan dogon mutum ya kusa taɓa rufi. Bututun yana nan kamu ɗaya ko ƙasa da haka daga gefen kansa. Don Allah a cikin haɗarin da ake yi a gari, nawa ne mota ke wuntsilawa? Yawanci karo ne a mararraba, ko wani ya buge ka ta gefe, ko ta baya. A irin wannan jiki yakan yi wurgi, wuya ya miƙe, kai ya nemi abin da zai daka. Da ba kejin, watakila da kumburi za a tashi. Da shi kuwa, ƙoƙon kai ne zai haɗu da baƙin ƙarfe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kada ma a yi maganar wanda ya bar kujerar baya, yana ɗaukar yara a tsakanin sandunan ƙarfe. Wannan ban san sunan da zan ba shi ba wanda edita zai yarda a buga.

Sai kuma tambayar da masu ado ba sa son ji: a jikin me aka kafa kejin? Duk wanda ya san Mini ya san tsatsa ita ce ajalinta, tana cin daɓen mota da ƙasan ƙofofi. Dokokin hukumar tsere ta duniya, FIA, sun ce a yi keji da bututun ƙarfe marar ɗinki mai kauri ƙayyadadde, kuma kowace ƙafarsa ta zauna a kan farantin ƙarfe da ya ƙarfafa bodi. Wanda ya ɗaure nasa da noti huɗu a kan daɓen da ya shekara 40 yana shan ruwan gishirin da ake watsa wa titunan Ingila da hunturu, ranar da motar ta kife ƙafar kejin za ta huda daɓen ta wuce, kamar an caka tsinke a tuwo. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, tun 2018 motar da ta haura shekara 40 a Birtaniya an ɗauke mata tilascin gwajin lafiya na shekara-shekara, sai fa in an yi mata babban sauyi. Ke nan da yawa cikin motocin nan ba wani jami'i da zai leƙa ƙarƙashinsu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Mini motar tsere ce tun asali, ba ita ce ta ci gasar Monte Carlo ba? Haka ne, kuma ina so a riƙe wannan hujja da kyau, don ni za ta yi wa aiki. Paddy Hopkirk ya ci a 1964, Timo Mäkinen a 1965, Rauno Aaltonen a 1967. A 1966 ma Mini ce ta zo ta ɗaya da ta biyu da ta uku, alƙalai suka soke su a kan wata magana ta fitilun gaba, aka ba Citroën, abin da har yau Turawan Ingila ba su huce ba. To, da ƙafa mai inci nawa aka yi duk wannan? Inci 10. 'Yar ƙafar nan da samari ke rainawa suna jefarwa bayan gareji, da ita aka kunyata manyan motoci a kan ƙanƙarar duwatsun Faransa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Curin robar Moulton ba ya lotsawa da nisa, saboda haka kumburin gefen taya yana cikin abin da ke shanye gargada. In aka sa ƙafa mai inci 13, dole tayar ta zama siririyar gefe don ta shiga ramin, sai kowane tsakuwa ya iso ƙugun direba. Ƙafar ta fi nauyi, kuma nauyi ne wanda ba ya bisa sifirin, saboda haka in ta yi tsalle a rami ba ta saurin komawa ta kama ƙasa. Faɗinta ya sa ta turo waje, sitiyari ya yi tauri, mota ta riƙa bin kowane tsagi na kwalta, boris da mahaɗan ƙafa su riƙa ci da wuri. Sau da yawa sai an yanke gefen bodi kafin tayar ta iya juyawa. Duk wannan a kan motar da nauyinta na asali wajen kilo 600 ne, injinta na farko kuma ƙarfin doki 34. A ɗora mata nauyin keji, a ɗaura mata takalman da suka fi ƙarfinta, sannan a yi mamaki don ta yi nauyin jiki!

Wani zai ce ai kamfanin da kansa ya ƙara girman ƙafa. Gaskiya ne, a 1984 an koma inci 12, amma don a sami wurin sa babban faifan burki a gaba, kuma wannan dalili ne da mai hankali zai karɓa. Na inci 13 da kamfanin Rover ya fito da shi a 1996 kuwa, kasuwa ya bi. Motar ta yi faɗi ta yi kwarjini a hoto, gudunta ya ragu, juyawa a ƙaramin wuri ta ƙara wuya. Kamfani ya yi abu don ya sayar bai mai da abin daidai ba. Irin wannan ciwo ma ba sai an je Turai ba, kowa ya ga samarinmu da ke sa wa mota ƙaton rim da siririyar taya, su bi titin da ramukansa suka fi kwaltarsa yawa.

Kada kuma a ɗauka ina tare da 'yan a-bar-ta-yadda-take, masu ganin ko madubi aka sauya an yi saɓo. Su ma tarihi ya ƙaryata su. Issigonis kansa da farko bai so a mai da motarsa ta tsere ba. John Cooper, wanda motocinsa suka ci gasar Formula 1 a 1959 da 1960, shi ya matsa har shugabannin BMC suka yarda a gwada 1,000. A 1961 Mini Cooper ta fito da inji mai ƙarfin doki 55 da faifan burki a gaba. Ashe Mini mafi suna a duniya ita kanta gyararriya ce. Bambancin shi ne Cooper ya san tambayar da yake amsawa: ya ƙara gudu, saboda haka ya ƙara burki. Mai kejin zuwa kanti wace tambaya yake amsawa, ban da ta masu kallo?

Akwai kuma abin da ya wuce mai motar shi kaɗai. An daina ƙera Mini ta asali a watan Oktoba 2000 a masana'antar Longbridge, bayan an yi fiye da miliyan 5 da dubu 300. Wadda BMW ke yi tun 2001 suna kawai suka haɗa. Ba za a ƙara ko ɗaya ba, tsatsa kuma kullum tana rage su. Ƙafa in an sauya ana iya mayarwa, amma bodin da aka yanke, aka huda, aka yi wa walda ta ko'ina, ya tafi ke nan. Na yarda motarsa ce, kuɗinsa ne. Amma fasinjan da ya ɗauka ba nasa ba ne, haka wanda zai saya a hannunsa yana zaton kejin nan kariya ce.

Wanda ke son tsere da gaske, ya sa keji cikakke bisa dokar gasa, ya cire kujerar baya, ya sayi kujera da ɗamara da hula, ya nemi bodin da ya riga ya sha wuya ya yi aikinsa a kai, ba ni da ja da shi. Wanda kuwa titi zai hau, ya kashe kuɗin nan wajen yanke tsatsa, da sabunta curin roba da shokozoba, da sa faifan burki irin na Cooper S mai inci 7.5, wanda ke shiga cikin ƙafa mai inci 10 ba tare da an taɓa bodi ba, ya kuma sayi taya mai kyau guda huɗu.