Likitocin ma'aikata nawa muke buƙata? A fara ƙirga masu shaƙar ƙura

Duk lokacin da aka zo maganar ƙarancin likitoci, lissafin ɗaya ne: yawan jama'a, yawan gadaje, shi ke nan. Ba a cika tambayar sana'ar mutanen da ke kewaye da asibitin ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa.

Akwai likitocin da fanninsu shi ne cutukan da wurin aiki da muhalli ke jawowa. Tambayarsu ta farko ga majinyaci ita ce, “Wane aiki kake yi?” Mun ga illar rashinsu a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A cikin gidaje ake niƙa duwatsun zinare, yara na shaƙar ƙurar. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mace-macen kafin aka gano dalili. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

To yaya ya kamata a yi lissafin? Kowace jiha ta fara da ƙirga waɗanda ke cikin haɗari: masu haƙar ma'adinai, masu fasa dutse, ma'aikatan jima a Challawa da Sharada, masu walda, manoma masu feshi. Sannan a auna aikin. A ce likita ɗaya na duba mutum 20 a rana, kwana biyar a mako, mako 45 a shekara: mutum 4,500 ke nan. Yankin da ke da ma'aikata 18,000 na buƙatar likita huɗu don a duba kowa sau ɗaya kacal a shekara, ban da zagayen masana'antu da gwajin jini. Asibitin Anka da na unguwar ma'aikatan gwamnati bai kamata su samu kaso ɗaya ba.

Wani zai ce, “Haba, na zazzaɓi ma bai ishe mu ba.” Gaskiya ne. Amma mai tarin ƙurar dutse da ake ta ɗura wa maganin tari, shi ma layin nan yake cikawa, kuma gobe zai dawo.

Mu matasa muna da waya a hannu. Gangamin #SaveBagega ya taimaka wajen sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsaftace garin a 2013. Idan kasafin lafiya na jiharku ya fito, ku tambayi kwamishina: likitan ma'aikata nawa aka tanada, kuma da wane ma'auni?