Filin Ƙara Sani: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Manomin Korahane da makiyayin da ke kiwo wajen Tarka duk sun san darajar takarda. Akwai takardar haihuwa, wadda ake nema kafin yaro ya zauna jarrabawa. Akwai takardar gona, wadda hukumomin kula da filaye ke bayarwa bisa dokar karkara ta 1993. Akwai katin allurar dabbobi. Wata rana sai a ce ana bukatar ɗaya daga cikinsu a Maraɗi ko Yamai, kuma kafin gobe. Mota ba za ta kai ta cikin lokaci ba. A nan ne ake neman na'urar aika takarda, wadda ake kira faks.

Mene ne faks? Na'ura ce mai duba takarda layi-layi. Tana mai da baƙi da fari su zama ƙara, ta tura ƙarar cikin igiyar talho. Can wata na'ura ta karɓa, ta zana irin takardar. Ta asali tana nan hannun mai ita. Abin da ya isa can kwafi ne kawai. Dabarar tsohuwa ce. Wani mutumin Sukotland mai suna Alexander Bain ya yi mata rajista cikin 1843. Cikin 1865 aka fara aika saƙo da irinta tsakanin Paris da Lyon, a ƙasar Faransa. Amma sai cikin shekarun 1980 ta cika ofisoshin duniya.

Kwamfuta ma tana iya aika faks, in ta samu abu uku. Na ɗaya, layin talho na igiya. Na biyu, wani ɗan akwati da ake kira modem, mai mai da rubutu ƙara. Na uku, wani ƙaramin tsari da ke zaune cikin kwamfuta, yana aikin tafinta tsakaninta da akwatin.

Kowace kwamfuta tana da babban tsari mai tafiyar da ita, kamar maigida cikin gidansa. Wanda aka fi sani sunansa Windows, na kamfanin Microsoft. Cikin Oktoba 2021 kamfanin ya fito da Windows 11. Ran 14 ga Oktoba 2025 ya daina kulawar yau da kullum da Windows 10. Shi ya sa masu kwamfuta da yawa suka canja tsari.

To, in sabon maigida ya shigo, ba lalle ne tsohon tafinta ya ji harshensa ba. Akwatin yana nan, igiya tana nan, amma kwamfuta ta yi kamar ba ta san su ba. Wani lokaci kuma shi tsarin aika faks ɗin ne ba ya cikin sabon Windows, sai an ɗauko shi an ƙara. Na'urar ba ta mutu ba. Mai gyara zai sa sabon tafinta, ya duba lambar layi, aiki ya tashi. Sai dai gyaran yana cin lokaci, yana kuma son intanet.

A ce wani manomi ya sayar da akuya, ya biya kuɗin mota, ya kai takardar ɗansa wani ofis a birni ranar ƙarshe ta karɓar takardu. Sakatare ya ce jiya aka sabunta kwamfuta, yau faks ya ƙi tafiya. Kafin mai gyara ya zo rana ta faɗi. Akuya ta tafi, yaro kuma ya yi asarar shekara guda. Da ya zo da kwana uku a hannu, da an samu wata hanya.

Wani zai ce, ai karkara ba ta da igiya, talhon hannu ake da shi. Gaskiya ne. Yau yawancin mutane hoton takarda suke ɗauka su aika ta WhatsApp. Amma talho ma ƙaramar kwamfuta ce, ciwonsu ɗaya. Cikin Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a talhohin da tsarinsu na Android bai kai lamba 5 ba. Masu irinsu sai da suka nemi wani talho, ko suka yi aro.

Saboda haka ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. A ajiye takardar asali cikin leda, cikin akwati, nesa da gara da ruwan damina. Kada a dogara da hoton da ke cikin talho.
2. Kafin a tashi, a tambayi ofishin da ke jira: faks yake so, ko hoto, ko ta asali?
3. Kada a jira ranar ƙarshe.
4. Mai kwamfuta ko talho kada ya sabunta tsari ranar da yake da aikin gaggawa. In ya sabunta, ya gwada aika takarda guda nan take.
5. Bayan an aika faks, a nemi ƴar takardar shaida. Tana nuna lamba, da rana, da yawan shafin da ya tafi.
6. A kira can a tabbata takarda ta isa, kuma tana karantuwa.

Wannan ƴar takardar shaida, wanda ya yi yaƙi da jahilci shi ke duba ta da idonsa. Ya san ko lambar daidai ce, ko shafi biyu ne suka tafi cikin uku. Wanda bai iya karatu ba sai abin da aka faɗa masa. Na'ura tana canja hali daga shekara zuwa shekara. Karatun da mutum ya koya yana nan tare da shi duk ofishin da ya shiga.