Giwan Ruwa da Masuntan Binuwai

Kifin da ake sayarwa a Jalingo, daga babbar kasuwa har zuwa unguwanni irin su Abbare, akasarinsa ba a Kogin Lamurde ake kama shi ba. Daga Binuwai yake fitowa, wajen Lau da Mayo Ranewo, ko kuwa daga Tella a bakin Kogin Taraba. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu ba su yanke ba, amma giwan ruwa, wanda shi ne sarkinsu duka, babbansa ya fara wuyar gani. Abin da ya fi yawa a faifan masu banda shi ne 'ya'yansa, waɗanda ba su wuce tsawon tafin hannu ba, kuma a nan matsalar take.

Giwan ruwa kifi ne mai cin 'yan'uwansa, yakan kuma yi girma na ban mamaki, har akan sami wanda ya kusa mita 2 a tsawo, nauyinsa ya haura kilo 100. To, amma ba a babban kogi yake fara rayuwa ba. Idan Binuwai ta cika a watannin Agusta da Satumba, ruwa yakan bi ƙoramu ya shiga fadamu da tafkuna, kifaye su bi shi su yi ƙwai cikin ciyawa, inda abinci yake da yawa, ga kuma wurin ɓuya. Can ɗan giwan ruwa yake yin ƙwari. Sa'ad da ruwa ya soma janyewa bayan damina, sai ya biyo ƙorama ya koma gurbi mai zurfi, inda zai yi shekaru kafin ya isa haihuwa.

A gabashin Amurka akwai wani farin kifi mai ƙaya a baya, ƙarami ƙwarai in an gwada shi da giwan ruwa, wanda mutane sukan bi cikin ƙoramun da ke zuba a Mashigin Casafik, kowa da ɗan kwale-kwalensa na mutum ɗaya da sandar fatsa. Su can teku ce take cika ta janye sau biyu kowace rana, saboda haka mai fatsa yakan jira a bakin ƙorama lokacin da ruwa yake fita, domin ya san kifi zai biyo. Dabarar ke nan da masuncin Binuwai ya gada, ko Bajukune ne daga cikin Wurbo, ko Jenjo, ko Bakabe da ya zo cin rani ya zauna. Bambancin kawai, shi ruwansa sau ɗaya yake cika a shekara. Wanda ya share bakin ƙorama a Amurka, gobe teku ta sake kawo wani kifin. Wanda ya share ta a nan kuwa, ya kwashe amfanin shekara guda, har da na shekarun da ke tafe.

Mutanen da sun san haka. Masunci yakan tura jirginsa da filafili a hankali, ya jefa birgi, ko ya shimfiɗa kalli mai faɗin ido, ko ya ɗana mamari ya kwana, ƙananan kifaye kuwa su zame su wuce. Sarkin ruwa yana da ikon hana su a wani tafki sai ranar da ya buɗe shi, kamar yadda al'adar take a bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi. Yau kuwa akwai masu datse bakin ƙorama da gidan sauro, wanda ko ƙwan kifi ba ya tsallakewa, akwai kuma masu zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa, su tsince abin da ya taso, su kai kasuwa jama'a su ci. Wannan ba su ba ne, ɓarna ce.

Ba don rashin doka ba ne. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma hana koma wadda idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci uku. Sai dai dokar tana cikin littafi, ƙoramun kuwa suna can inda mota ba ta zuwa da damina.

Ba za a ɗora wa masunta laifin duka ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, cikar Binuwai ta daina bin tsohon lissafinta. Wata shekara ruwa ba ya kai wa fadamun da ya saba cikawa, wata shekara kuma a sako shi gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, ya tafi da gonaki da gidaje. Mutumin da ambaliya ta cinye masa shinkafa, da wuya a ce masa ya saki ƙaramin kifi.

Duk da haka akwai abin da ma'aikatar gona ta Jihar Taraba za ta iya yi ba tare da jiran Kamaru ba. Ta zauna da sarakunan ruwa na Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi, a ƙayyade ƙoramun da za a rufe daga Agusta zuwa Oktoba, a ba su ikon ƙwace haramtacciyar koma. Malaman kifi kuma su riƙa zagaya kasuwannin Tella da Jalingo da ma'auni, gama dillalin da ya san za a karɓe masa kwandon 'ya'yan giwan ruwa ba zai aika a kamo masa su ba.