Ra'ayinmu: Darasin Gana kan zinari da ruwan sha

A watan Nuwamban 2022, gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ƙasar Gana ta fito da wata doka mai lamba L.I. 2462, wadda ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandun dajin da hukuma ta keɓe. Dokar ta bai wa shugaban ƙasa ikon ba da izini har a dazuzzukan da suka fi kowanne muhimmanci, muddin ya ce maslahar ƙasa ce. Haƙar zinari ta bayan fage, wadda ƴan Gana ke kira galamsey, ta daɗe kafin wannan doka. Sai dai idan mai gona da kansa ya cire danga, da wane baki zai kori awakin maƙwabta?

Ba a cika shekara biyu ba aka ga sakamako a famfo. A watan Agustan 2024, kamfanin ruwa na ƙasar ya sanar cewa kogin Pra ya gurɓace har ma'aunin laka a tashar tace ruwa ta Sekyere Hemang ya kai 14,000, alhali an gina tashar don ta iya da 2,000. Ruwa ya yi ƙaranci a Cape Coast da Elmina. Kogunan Ankobra da Offin da Birim su ma sun koma kamar kunu. Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Kumasi da Akra shaida ne.

Daga nan jama'a suka miƙe. Matasa sun yi zanga-zanga a Akra a watan Satumban 2024, aka kama sama da 50 daga cikinsu. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, limaman cocin Katolika sun yi tattaki, likitoci da malaman jami'a sun saka baki. Maganar ta zama babbar magana a zaɓen watan Disamba. A farkon 2025, ministan filaye na sabuwar gwamnatin John Mahama ya shaida wa majalisa cewa masu haƙa sun kutsa gandun daji 44 daga cikin 288. A ƙarshen shekarar aka soke dokar.

Wannan nasara ce ta talakawa, kuma ta nuna cewa kuka idan ya haɗu ana jin sa. Amma soke doka aikin kwana ɗaya ne a majalisa, wanke kogi kuwa aikin shekaru ne. Zaiba, wato merkuri, da ake kama zinari da ita tana kwanciya a ƙasan ruwa, ta shiga kifi, ta shiga jikin mai ciki da jariri. Gonar koko da aka tone ba ta komawa gona don an canza minista.

Mu a Nijar ba ƴan kallo ba ne. Tun da aka gano zinari a Jado a 2014, dubban matasa daga Maradi, Damagaram da Tawa suka kama hanyar arewa. A Nuwamban 2021, ramin zinari ya rufta a Garin Liman, cikin gundumar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu. A jahar Tilaberi, ana wanke zinari da sinadarai masu guba a yankin da kogin Sirba ke ratsawa, kuma Sirba a kogin Isa yake zuba kafin ruwan ya iso Yamai, inda mutanen babban birni ke sha. Maƙwabtanmu na Zamfara kuwa sun binne yara kimanin 400 a 2010 saboda gubar dalma daga duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje.

Yanzu da farashin zinari ya haura dala 4,000 kowane oza a 2025, kuma baitulmali na neman kuɗi ido rufe, kwaɗayin sassauta ƙa'ida zai ƙaru. Za a ce binciken muhalli yana ɓata lokaci, yana korar masu zuba jari. Za a kuma ce matasa ba su da aiki, wanda gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai ce a rufe kowane rami a bar magidanta da yunwa. Amma saurayin da ke shiga rami shi ne farkon wanda ke shaƙar hayaƙin zaiba, kuma ƙauyensu ne ke shan rijiyar. Mai motar haƙa da dilan da ke kai zinarin Dubai ruwan gora suke sha.

Dokoki muna da su. Akwai dokar 2018 kan tantance illar ayyuka ga muhalli, akwai ofishin BNEE da ke kula da ita, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba. Abin da muke nema shi ne a yi aiki da su a fili. A wallafa kowane lasisi da sunan mai shi da wurin. A saurari mutanen gari, manoma da makiyaya, kafin a saka hannu. A karɓi kuɗin gyaran fili daga kamfani tun kafin ya fara tono. A riƙa auna ruwan rijiyoyi da gulabe na kusa da mahaƙa, a faɗi sakamakon a rediyo da harsunan ƙasa.

Ga matasan birane da ƴan ci-rani, ku da ke da waya da intanet, ku tambayi magajin garinku wane ne ya riƙe lasisin filin da ke bayan ƙauyenku, ku nemi ganin takarda. Ƴan Gana sun yi wannan tambaya ne bayan famfo ya fara zubo laka. Mu har yanzu muna da sauran dama mu yi ta da wuri.